Babur, Nauyi da Ƙashin Baya: Darasi Daga Hanyar Ruwan Godiya

Ruwan Godiya gari ne na manoma a Ƙaramar Hukumar Faskari ta Jihar Katsina, a kan hanyar da ta tashi daga Sheme ta nufi Ƙanƙara. A wannan yanki, har zuwa Sabuwa da Funtuwa, babur ya karɓi aikin da jaki ya daɗe yana yi. Shi ke kai taki gona da damina, shi ke kwaso masara da kaka, shi ne kuma motar asibitin ƙauyen da mota ba ta iya shiga. Sai dai kamfanin da ya ƙera babur ya yanka masa iyakar nauyin da zai ɗauka, ya kuma saita shi daidai da matsakaicin mahayi. Idan ƙaƙƙarfan mutum mai kilo 100 ya hau, ko aka ɗora buhun masara a baya, lissafin ya canza, kuma ƙashin bayan mahayi ne zai biya bashin.

Abin da ke cikin baya

Ƙashin bayan ɗan Adam jerin ƙananan ƙasusuwa ne guda 33, waɗanda 24 daga cikinsu ke motsi. A tsakaninsu akwai fayafayan guringuntsi guda 23 masu aikin gammo. Kowane faifai yana da zobe mai tauri a waje, cikinsa kuwa abu ne mai taushi wanda mafi yawansa ruwa ne. Nauyin jiki yana matse ruwan nan a hankali tun safe har dare, shi ya sa mutum yakan fi tsawo da kamar santimita ɗaya idan ya tashi daga barci. Faifan baligi kusan ba shi da hanyoyin jini, abincinsa tsattsafowa yake yi daga ƙashin da ke maƙwabtaka da shi. Saboda haka idan ya sami rauni, warkewarsa takan ɗauki lokaci.

Mai tafiya a ƙasa yana da masu tare masa bugu: kitsen diddige, da agara, da gwiwa, da tsokar cinya, duk suna shanye ƙarfin kowane taku kafin ya iso baya. Wanda ke zaune a kan sirdi ya rabu da waɗannan dogarai gaba ɗaya. Bugun rami yana fitowa daga sirdi ya shiga ƙugu, ya sauka kai tsaye a kan ƙasusuwa biyar na tsatso.

Ba girman bugu kaɗai ne abin dubawa ba, har da yawan maimaituwarsa. Jikin mutum a zaune ya fi jin girgizar da ke ɗaga shi sama da ƙasa sau 4 zuwa 8 a daƙiƙa guda, domin a wannan tsakani ne gangar jiki ke amsa girgizar tana ƙara mata ƙarfi, kamar lilo idan an tura shi a kan kari. Ƙa'idar duniya mai lamba ISO 2631, wadda ake auna girgizar da ke shiga jikin direbobi da ita, ta ba wannan tsakani muhimmanci na musamman. A ɗauka kunyoyin gargadar hanyar birji suna da ratar mita ɗaya. Babur mai gudun kilomita 18 a awa yana cin mita 5 a daƙiƙa, wato bugu 5 ke nan a daƙiƙa, daidai inda jiki ya fi wahala. Wannan ne ya sa 'yan acaɓa ke cewa gudu yana rage gargada. Sun faɗi gaskiya ta fuskar jiki, amma a lokacin taya ba ta zama a ƙasa sosai, birki kuwa ba ya kama iska.

Sifirin da dokar Hooke

Abin da kanikawa ke kira shakazoba abu biyu ne a haɗe. Akwai sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ake gani daga waje, shi ke ɗaukar nauyi. Akwai kuma bututu a tsakiyarsa cike da mai, wanda ake tilasta wa bi ta ƙananan kafofi duk lokacin da sifirin ya motsa. Man nan ne ke hana babur ya yi ta tsalle bayan ya wuce rami, domin yana mayar da ƙarfin bugun ya zama zafi.

Robert Hooke, masanin Ingila, shi ne ya bayyana dokar sifirin a 1678. Ɗaliban ilimin halittu sun san shi ta wata ƙofar, domin shi ne a 1665 ya duba ɓawon itace da madubin ƙara girma, ya raɗa wa ƙwayoyin halitta sunan da ake kiransu da shi a Turance har yau. Dokar tasa ta ce matsuwar sifirin tana tafiya daidai da nauyin da aka ɗora masa: a ninka nauyi, matsuwa ta ninku.

Ga misali na lissafi. A ce sifirin biyu na baya suna matsuwa santimita 1 a kan kowane kilo 25, kuma iyakar tafiyarsu santimita 8 ce. Nauyin kilo 50 zai cinye santimita 2, ya bar 6 domin ramuka. Kilo 100 zai cinye 4. Idan aka ƙara buhu mai kilo 100, duka takwas ɗin sun ƙare tun babur bai motsa ba. Daga nan ƙarfe ke dukan ƙarfe, kowane rami kuma yana isa tsatson mahayi ba tare da an rage masa komai ba. Ban da wannan, idan baya ya nutse, gaba yakan yi sakayau: fitila ta haska sama, kan babur ya riƙa rawa, tayar gaba ta rage kama ƙasa. A 2021 Gwamnatin Jihar Katsina ta hana ɗaukar mutum uku a kan babur saboda dalilan tsaro. Ko da babu wannan dalili, dokar Hooke ta riga ta yanke irin hukuncin.

Gyaran da ya dace

A ƙasan sifirin na babura da yawa akwai zobe mai matakala, galibi hawa biyar, wanda ake juyawa da sifana. Mutane da dama suna zaton juya shi yana ƙara wa sifirin tauri. Ba haka ba ne. Abin da yake yi shi ne matse sifirin tun kafin a hau. A misalin da ya gabata, idan aka matse shi santimita 1, kilo 25 na farko ba za su motsa shi ba, sai mahayi mai kilo 100 ya nutsar da santimita 3 maimakon 4. Taushin yana nan yadda yake, amma an sami ƙarin fili domin rami. Wannan gyara ba ya cin ko kwabo, sai dai dole a sa zoben hagu da na dama a hawa ɗaya.

Hanyar gane ko saitin ya yi daidai ita ce awo. A kafe babur yadda ƙafar baya za ta bar ƙasa, a auna daga tsakiyar ƙafar zuwa wani ƙusa da ke sama da ita a jikin babur. Sa'an nan a sauke shi, mahayi ya zauna da kayan da ya saba ɗauka, wani ya riƙe masa, a sake aunawa. Bambancin ya kamata ya zama kusan sulusin iyakar tafiyar shakazoba. Idan an kai zobe hawan ƙarshe amma nutsewar ta wuce haka, sifirin ya yi wa mai babur kaɗan, sai a nemi mafi ƙarfi. Wanda ke matsuwa santimita 1 a kan kilo 35 zai riƙe kilo 100 a ƙasa da santimita 3. Amma fa ranar da yaro mai kilo 50 ya hau wannan babur zai ji shi kamar benci, domin nauyinsa bai isa ya motsa sifirin sosai ba. Babu saiti guda da ya dace da kowa.

A nan ne wasu ke wuce gona da iri. Akwai masu dakon kaya da ke neman baya ya ƙi motsi sam, har a toshe sifirin ko a maye gurbinsa da abin da ba ya lanƙwasa. Babur ɗin zai tsaya ƙyam da buhu biyu, gwanin sha'awa, amma ƙarfin bugun bai ɓace ba, wuri ya sake. Zai bi ta wayoyin ƙafa yana tsinka su, ya bi ta gangar babur yana tsattsaga walda, ragowar ta ƙare a bayan mahayi.

Bututun mai kuma yana mutuwa a ɓoye. A danna bayan babur da ƙarfi a saki: mai lafiya zai taso sau ɗaya ya tsaya, matacce zai yi ta rausaya. Idan an ga danshin mai da ƙura ta manne a jikin sandarsa, ya fara yoyo. A canza biyun tare.

Taya ita ce sifirin na farko, tun da iska ce a cikinta. Kamfani yakan rubuta awon iskar da ta dace a jikin babur ko a littafinsa, kuma yawanci na baya yana ƙaruwa idan za a yi goyo. A sa mai faci ya auna da geji tun taya na da sanyi. Latsawa da yatsa ba awo ba ne. Iska kaɗan tana sa taya ta yi zafi, rami ya tsinke tif. Iska da yawa kuma tana mayar da ita dutse. Kaya kuwa a matso da su kusa da mahayi, domin buhun da ya zarce bayan ƙafar baya yana danna sifirin fiye da nauyinsa, yana kuma ɗaga gaba.

Masu ƙananan ƙafafu

Vespa, wadda kamfanin Piaggio na Italiya ya fara ƙerawa a 1946, ta yi tashe a hannun malamai da ma'aikatan Arewa a shekarun 1970 da 1980. Ita da ire-irenta suna da rauni biyu a hanyar karkara. Ƙafar Vespa ta wancan zamani inci 8 ko 10 ce, alhali ta Bajaj Boxer inci 17 ce, kuma ƙaramar ƙafa faɗawa take yi cikin ramin da babba za ta haye bakinsa. Na biyu, injinta yana haɗe da ƙafar baya, suna hawa da sauka tare, don haka shakazoba yana fama da nauyi mai yawa a duk bugu. Mahayi mai jiki a kan irin wannan babur ya fi kowa bukatar awon da aka bayyana, da kuma rage gudu.

Dabara ta ƙarshe a jikin mahayi take. Idan ya hango rami, ya taka matakai ya ɗan ɗaga daga sirdi, gwiwa da cinya sun koma bakin aikinsu. Wanda aka goya ba ya ganin ramin, bare ya shirya masa, shi ya sa mai juna biyu da tsoho da majinyaci suka cancanci tafiya a hankali. Ciwon bayan da ke sauka cikin ƙafa, ko ya zo da mutuwar yatsu, alama ce ta cewa ana danne jijiya, sai a je asibiti. Idan ya haɗa da kasa riƙe fitsari, kada a kwana.

Aiki a aji

Malami ya rataya siririn sifirin a jikin ƙusa, ya ɗaura masa gwangwani. Ɗalibai su riƙa zuba ƙusoshi masu girma ɗaya biyar-biyar, suna auna miƙewar da rula, su zana sakamakon a allo, su duba ko layin ya miƙe. Bayan haka, da izinin mai babur, a auna nutsewar bayansa da ɗalibi mafi sauƙin nauyi, da mafi nauyi, da su biyun tare, a juya zoben hawa ɗaya a maimaita. Kowane ɗalibi kuma ya auna tsawonsa a jikin bango da asuba da kuma bayan isha'i, ya kawo bambancin aji washegari.