Ɗana Yana Kukan Mutumin Da Bai Taɓa Haɗuwa Da Shi Ba

Tambaya: A Amurka muke zaune. Ɗana ɗan shekara shida ya shaƙu da tsofaffin shirye-shiryen Mister Rogers. Da ya ji cewa mutumin ya mutu, sai ya yi ta kuka, har abinci ya ƙi ci. Yaya zan yi da shi?
Daga wata uwa

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya raya mana shi. Don Allah kada ki ce masa "ai ba danginmu ba ne". Fred Rogers ya yi shirinsa daga 1968 zuwa 2001. Kullum ya shigo sai ya sa rigar sanyi, irin wadda mahaifiyarsa take saƙa masa, ya sauya takalmi, ya dubi yaro ya yi masa magana a natse. Yaron da ya saba da wannan dole ya ji rashinsa. Tun watan Fabrairun 2003 ciwon dajin ciki ya yi ajalin bawan Allahn, amma a wurin ɗanki yau aka yi mutuwar.

Ki faɗa masa gaskiya: ya yi ciwo mai tsanani, ya mutu, ba zai dawo ba. Ki guji cewa "ya yi barci" ko "ya yi tafiya", domin yaro yadda aka faɗa masa magana haka yake ɗaukarta, sai ya koma tsoron kwanciya ko fitar babansa.

Rogers da kansa, a wani shiri na 1970, ya tarar kifinsa ya mutu, ya binne shi a gaban masu kallo. Ku nemi shirin ku kalla tare, ki bar shi ya yi ta tambaya. Idan ƙin cin abincin ya ɗauki kwanaki, ko ya daina wasa, ki kai shi wurin likitan yara.