Darasi na Bakwai: Kala a Gonakin Baitalami

Karatu: Rut 1:19 zuwa 2:23, da 4:1-17. A duba kuma Littafin Firistoci 19:9-10, da Maimaitawar Shari'a 24:19-22.

Aya ta haddacewa: Rut 2:12.

Littafin Rut yana bin Littafin Mahukunta, labarinsa kuwa ya faru a zamanin mahukuntan nan, sa'ad da babu sarki cikin Isra'ila, ƙasa tana fama da yaƙi da hargitsi. Amma cikin surorin nan huɗu ba mu jin amon ƙaho, ba mu ganin takobi. Marubucin ya kai mu wani ƙaramin gari na manoma, ya nuna mana gona, da masussuka, da ƙofar gari, da mata maƙwabta. Kowane ɗan ƙauye da ya karanta zai ga kamar garinsu a ke faɗi.

Baitalami tana kan tuddan Yahuza, kimanin kilomita 9 kudu da Urushalima. Ma'anar sunan da Ibrananci ita ce gidan gurasa, watau gidan abinci, amma sai ga shi yunwa ta kori Elimelek daga gidan abinci zuwa Mowab, hayin Tekun Gishiri, cikin ƙasar da a ke kira Jordan a yau. Can ya mutu, 'ya'yansa biyu, Malon da Kiliyon, su ma suka mutu bayan wajen shekara goma. Na'omi ta komo gida hannu wofi, ba ta da kowa sai Rut, matar ɗanta, mutuniyar Mowab.

Sun iso a farkon kakar sha'ir. A ƙasar nan ruwa yakan sauka da lokacin sanyi, a yi shuka wajen Nuwamba da Disamba, a yanki sha'ir wajen Afrilu, alkama kuwa ta biyo baya har farkon Yuni. A shekara ta 1908 masu haƙa kufai suka sami wani ɗan allon dutse a Gezer, wanda aka rubuta wajen shekara 900 da ɗoriya kafin haihuwar Almasihu, yana jera watannin manomi bi da bi, har da watan girbin sha'ir da na girbin da ke binsa. Kaka duka wajen mako bakwai ce, daga Idin Ƙetarewa zuwa Idin Makonni. Wanda bai tara kome cikin makonnin nan ba, shekararsa ta ɓaci. Har wa yau Yahudawa sukan karanta littafin Rut a Idin Makonni.

Mu lura da yadda aka karɓe su. An faɗa mana gari duka ya ruɗe saboda zuwansu, mata suna tambayar juna ko Na'omi ce wannan. An fito, an gani, an yi mamaki, an koma gida. Ba a rubuta cewa wani ya aiko da ƙwarya guda ta hatsi ba. Bo'aza kansa, dangin Elimelek ne, mai arziki kuwa, daga baya ya faɗa wa Rut ya riga ya ji labarinta duka, amma ba mu karanta ya aika da kome ba kafin ya gan ta a gonarsa. Mun san irin wannan a garuruwanmu. Ranar rasuwa gida yakan cika har babu wurin shimfiɗa tabarma, bayan mako biyu kuwa sai gwauruwa da 'ya'yanta da bangon ɗaki.

Abin da ya tsaya tsakanin matan nan biyu da yunwa shi ne dokar kala. Shari'ar Musa ta hana mai gona ya girbe har gyaffan gonarsa, ta hana shi komawa ya tsince abin da ya zube, in kuwa ya manta da dami a gona, kada ya koma ɗauka. Haka kuma ga kurangar inabi da itacen zaitun. An bar waɗannan domin matalauci, da baƙo, da maraya, da gwauruwa. Rut kuwa matalauciya ce, baƙuwa ce, gwauruwa ce. Dalilin da Maimaitawar Shari'a ta bayar shi ne Isra'ila su tuna su ma dā bayi ne a Masar.

Ya kamata mu daɗe a nan kaɗan, gama hikimar dokar nan tana da zurfi. Hatsin da ya zube hakkin matalauci ne, Ubangiji ya riga ya yanka masa tun ba a kai lauje gona ba. Mai gona da ya bar shi bai yi abin yabo ba, wanda ya tsince kuwa ya ci abin wani. Saboda haka mai kala ba ta durƙusa a ƙofar kowa ta yi roƙo. Da guminta ta ke ci. Rut ta fara tun da safe, ta yi ta sunkuyo har yamma, ta sussuke abin da ta samu da hannunta, ta ɗauka ta kai cikin gari. Mutuncinta yana nan yadda ya ke. Shari'ar kuwa ba ta faɗi faɗin gefen da za a bari ba. Malaman Yahudawa na baya, cikin littafin Mishna da aka tattara wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Almasihu, sun yanke cewa kada ya gaza kashi ɗaya cikin 60 na gona. Musa dai ya bar awon a hannun mai gona, har kowa da ya bi ta hanya ya iya duban gefen gonar mutum ya san irin zuciyarsa.

Bari mu gwada wannan da gayya, wadda yawancinmu muka tashi cikinta. Mai gona ya sa rana, ya aika wa maƙwabta, matan gida su kwana suna daka, a dama kunu, a tuƙa tuwo, makaɗi ya zo da ganga, samari su jeru da fartanya, aikin mako biyu ya ƙare kafin la'asar. Haka a kan ɗaga jinka, a gyara hanyar kasuwa bayan damina, a yashe rijiya. Da yawa daga cikin majami'unmu na ƙauye da gayya aka gina su, maza suna kwaɓa ƙasa, mata suna kawo ruwa. Al'ada ce mai kyau, abin baƙin ciki ne kuwa yadda ƙwadago ya ture ta a wurare da yawa. Amma gayya rance ce. Ka zo mini yau domin in je maka gobe. Wanda zai kira ta, sai yana da hatsin da zai ciyar da jama'a, da ƙarfin da zai rama. Tsohuwar da rumbunta ya ƙare tun watan Yuli, ɗanta kuwa ya tafi birni, da me za ta kira gayya? Gurgu fa, ko baƙon da aka ara wa gona bana? Inda gayya ta tsaya, nan dokar kala ta fara, gama an yi ta domin wanda ba shi da abin ramawa. Ubangijinmu Yesu ya taɓa wannan cikin Luka 14:12-14, inda ya yi maganar waɗanda ya kamata a kira wurin biki.

Yanzu mu dubi Bo'aza. Ya gai da masu girbi da sunan Ubangiji, suka amsa masa da albarka, sa'an nan ya tambayi shugabansu yarinyar nan ta wane ne. Abin da ya yi bayan wannan duka ƙanana ne, babu wanda ya fi ƙarfin manomi. Ya ce ta tsaya a gonarsa tare da 'yan matansa. Ya ce ta sha daga tulunan da samari suka ɗebo. Ya kira ta wurin cin abinci, ya miƙa mata tumu da hannunsa, ta ci ta ƙoshi har ta rage wa Na'omi. Ya kwaɓi samari kada su taɓa ta. Kada mu wuce wannan da sauri, gama Na'omi ma ta ambaci haɗarin a aya ta 22: mace baƙuwa ita kaɗai a gona ba ta da mai tsaya mata, ko a Baitalami. Doka tana rubuce, amma sai da wani mai faɗa a ji ya buɗe baki kafin ta amfani Rut.

Mafi kyau duka shi ne umarnin da ya ba masu girbi bayan Rut ta tashi, cewa su riƙa zaro zangarku daga dammuna suna yar mata, kada kuwa su kunyata ta. Da ya ga dama, da ya aika da buhu gidan Na'omi a gaban jama'a, gari ya yabe shi. Sai ya ɓoye kyautarsa cikin aikinta. Da yamma ta auna wajen efa guda na sha'ir, watau kimanin lita 22, ya ɗara garwar kananzir kaɗan, abincin mutum biyu na kwanaki da yawa. Na'omi da ganin yawansa ta san wani ya kula da yarinyar.

Akwai kalmar Ibrananci, hesed, wadda ta fito sau uku cikin littafin, a 1:8, da 2:20, da 3:10. Mu da mu ke aikin juya Littafi Mai Tsarki mun san wuyarta. In muka ce alheri, mun bar aminci a baya. In muka ce aminci, mun bar ƙauna. Ita ce alherin da mutum ya ke riƙewa ga wani bayan dalilin riƙewa ya ƙare. Sau biyu daga cikin ukun nan a kan halin Rut a ke magana, mutuniyar Mowab, wadda Maimaitawar Shari'a 23:3 ta rufe wa jama'arta ƙofar taron Ubangiji. Ita ce ta fara aikin sa kai cikin labarin nan, tun a hanyar Mowab, ba wanda ya tilasta ta.

Sura ta huɗu ta kai mu ƙofar gari, inda a ke shari'a da ciniki. Bo'aza ya zaunar da dattawa goma, ya kira dangin da ya fi shi kusa da Elimelek. Mutumin ya yarda ya fanshi gonar, amma da ya ji akwai gwauruwa a ciki, ɗan da za a haifa kuwa shi zai gāji gonar da sunan mamacin, sai ya janye don kada gādonsa ya lalace. Ya tuɓe takalminsa, aka shaida. Bai karya wata doka da za a hukunta shi ba, lissafi kurum ya yi. Marubucin da ya ba mu sunan Orfa, wadda ta koma tun a sura ta fari, bai ba mu sunan mutumin nan ba.

Matan gari da suka tsaya kallo a farko su ne suka zo barka a ƙarshe. Suka yabi Ubangiji, suka ce wa Na'omi surukarta ta fi mata 'ya'ya maza bakwai, su ne ma suka raɗa wa jaririn suna Obida. Obida ya haifi Yesse, Yesse ya haifi Dawuda, Matiyu 1:5 kuwa ya sa sunan Rut cikin asalin Yesu Almasihu.

Tambayoyi domin tattaunawa:

1. Su wane ne a garinku ba su iya kiran gayya? Mai koyarwa ya sa a ambace su gida gida, amma maganar ta tsaya cikin ɗakin.

2. In ikkilisiya tana da gona, ko in matasa da zumuntar mata sukan fita aiki tare, gonar wa aka nome bara? Ta waɗanda su ke da abin ciyar da ma'aikata ce, ko ta waɗanda ba su da shi?

3. Bayan an cire gyaɗa ko an yanke dawa, a kan bar mata da yara su shiga roro a gonakinku, ko a kan kore su?

4. Rut ba 'yar ƙabilar Bo'aza ba ce. Akwai baƙo a garinku, na wata ƙabila ko na wani addini, wanda ya ke bukatar wani ya kwaɓi samari saboda shi?

5. Ku karanta 1 Timoti 5:3-16. Mene ne Bulus ya ɗora wa dangi, mene ne kuma ya ɗora wa ikkilisiya?

Kafin taro mai zuwa kowa ya karanta Nehemiya sura 3, ya ƙidaya irin sana'o'in mutanen da suka gyara garun Urushalima.