Me Ya Sa Shirin Kai Tsaye Na Intanet Yake Makara?

Wani mai sauraro daga Damagaram ya aiko da tambaya: me ya sa maƙwabcinsa mai rediyo yake yin ihun an ci ƙwallo, alhali a wayarsa ba a ma buga ba?

To malam, ga amsa. Hoton da kyamarori suka ɗauka a filin wasa yakan fara shiga ɗakin sarrafa shiri, inda darakta ke zaune gaban allunan talabijin yana zaɓen kyamarar da za a nuna. Daga nan sai wata na'ura ta matse hoton, domin ɗanyen bidiyo ya fi ƙarfin layin intanet. Kamfanoni irin su YouTube, da ya ƙaddamar da tsarinsa na watsa shiri kai tsaye a 2011, da Facebook, da ya buɗe wa kowa a 2016, sukan yanyanka bidiyon gunduwa-gunduwa, kowace ta 'yan daƙiƙoƙi. Ita kuwa waya ba ta fara nunawa sai ta tara gunduwa biyu ko uku a ajiye, don kada hoto ya riƙa tsayawa idan sabis ya yi rauni. A nan ne ake asarar daƙiƙa 10 zuwa 30. Muryar rediyo kuwa iska take bi ta iso kusan nan take.

Don gudun raunin sabis, ƙwararrun masu watsa tafsirin azumi ko taron biki sukan haɗa layukan waya da yawa wuri guda, su kuma ɗauko murya daga na'urar lasifika. Jama'a sukan yi haƙuri da hoto mai dishi-dishi, amma in murya ta lalace sai su watse.

Saboda haka wayarka lafiyarta ƙalau, kada ka kai ta wurin mai gyara.