Zaɓen doguwar sandar fatsa ga mai kamun kifi cikin kwale-kwale

Duk masuncin da ya taɓa jefa ƙugiya uku daga kwale-kwale ɗaya a Gulbin Zamfara ya san abin da ke biyo baya. Ruwa ya ja jirgin kaɗan, zaruruwa su harɗe, lokacin da ya kamata a yi kamu ya ƙare wajen warwara. Matasan Tungar Daji da sauran ƙauyukan Anka, Bukkuyum da Gummi da ke son tara ƙugiyoyi don ƙara samu sukan ɗora laifin a kan zare ko koto. Sau da yawa kuwa matsalar tana jikin sanda.

Masuntan Amurka sun daɗe da ƙwarewa a wannan salo wajen kamun wani kifi da suke kira kirafi, musamman a tafkunan jihar Misisifi irin su Girenada da Enid. Sukan jera sanda har takwas a goshin jirgi, masu tsawon ƙafa 12 zuwa 16, su baje su kamar ƙafafun gizo-gizo, jirgin na tafiya a hankali, bai kai saurin mai tafiya a ƙasa ba. Tsawon nan aiki biyu yake yi: yana raba zaruruwa, yana kuma kai koto nesa da inuwar jirgi da motsinsa, inda kifi bai tsorata ba.

Sai dai akwai inda kwaikwayo zai cuci mutum. Kirafi ƙaramin kifi ne mai taushin baki. Farin kirafi mafi girma da aka rubuta, wanda aka kama a Enid a 1957, bai kai kilo biyu da rabi ba. Don shi aka ƙera waɗancan sanduna marasa nauyi. Karfasa da kawara za su yi daidai da su. Amma tarwaɗa ko ramboshi idan ta haɗiye ƙugiya ta nufi gindin itace, irin wannan sanda ba ta da ƙarfin juyo ta, kuma a gaɓa take karyewa. Saboda haka kafin masunci ya tambayi tsawon sanda, ya fara sanin kifin da ya fito nema.

Gwajin sanda ba ya buƙatar ruwa. A ɗaura dalma daidai nauyin wadda za a yi aiki da ita a bakin sandar, a riƙe ta a kwance. Sanda ta gari bakinta kaɗai ke rusunawa, kamar kashi ɗaya cikin uku na sama, sauran jikin ya tsaya ƙyam. Wadda ta lanƙwashe tun daga tsakiya dalma ta riga ta cinye ƙarfinta, ko kifi ya taɓa koto ba za a gani ba. Wadda kuma ta ƙi rusunawa sam, za ta yage bakin ƙaramin kifi. Bayan haka sai mutum ya riƙe ta da hannu ɗaya na ɗan lokaci. In wuyan hannu ya fara tsami tun a kasuwa, to a kan ruwa sai abin ya ninka.

Batun tsawo kuma faɗin ruwa ne ke yanke shi. A madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, fili na nan, sanda mai ƙafa 16 na da wurin miƙewa. Gulbin Zamfara da rani labarinsa daban: ruwa ya janye ya koma gurabu, gaɓa ta matso, rassan itace sun sunkuyo. A nan ƙafa 10 zuwa 12 ta wadatar. Wanda zai jera sanduna a gefen jirgi ya bambanta tsawonsu, misali 8 da 12 da 16, doguwar a gaba, gajerar a baya, ta yadda kowane zare zai bi layinsa. Wanda zai jera su a goshi kuwa, gara su zama tsawo ɗaya, taushi ɗaya, domin idan baki huɗu suka rusuna daidai, wanda ya saɓa shi ne kifi ya taɓa.

Gora ta gida ba abin rainawa ba ce. A sari wadda ta ƙosa, a rataye ta a inuwa da dutse a ƙasanta har ta bushe a miƙe, inda ta karkace a gasa shi sama-sama a wuta a daidaita. Nauyi ne kawai aibinta idan ta wuce ƙafa 12. Cikin na kanti masu shigewa cikin juna kamar eriyar rediyo, ta faiba ta fi jure bugu da zaman cikin jirgi, ga sauƙin kuɗi. Ta kabon ta fi rashin nauyi da saurin nuna taɓin kifi, amma tsagewa kaɗan ke kashe ta, kuma wutar lantarki na bin ta. Da zarar hadari ya haɗo da walƙiya, a kwantar da ita a nufi gaɓa, haka nan a kula da wayoyin wuta a hanyar zuwa gulbi.

Sandar da ba ta da abin naɗe zare, kada zarenta ya fi ta tsawo, in ba haka ba kifi zai zo bakin jirgi a rasa yadda za a ɗago shi. A ajiye koma kusa don kwasowa. Ɗaga babban kifi da bakin sanda shi ne ya fi karya ta. Da farko a sa kowace ƙugiya a zurfi daban, wadda ta fara kamu sai a mayar da sauran zurfinta.

Sanda biyu ko uku sun isa mafari, a ɗaure gindinsu tam a jikin katako. Kuma a raba su dama da hagu, domin kwale-kwale ba ya son mutum ya riƙa miƙa jiki gefe guda. Mutanen Gummi ba su manta da kifewar jirgin watan Satumbar 2024 ba, wadda ta ci rayukan manoma da yawa. Rigar kariya daga nutsewa ta shiga lissafin kuɗin kayan fatsa tun kafin a sayi sanda ta uku.