Bununin hatsi da ƙaiƙayin baki

Ƴan uwa manoma, a ƙarshen damina hatsi yakan yi bununi, ciyawar daji ma ta yi fure. Iska tana kwasar wannan gari mai laushi, muna shaƙarsa. Yawancin mutane ba ya yi musu kome. Amma akwai waɗanda jikinsu ba ya shiri da shi: sai atishawa, da yoyon hanci, da jan ido, ba tare da zazzaɓi ba. Kowace shekara, in lokacin ya zagayo, abin ya dawo.

Wasu daga cikin masu wannan lalura sukan gamu da wata matsala ta biyu. Mutum ya sha kankana ko malo ko lemu, ko ya ci ɗanyen tumatir, kafin minti 5 leɓɓansa da harshensa da maƙogwaronsa sun kama ƙaiƙayi. Sau da yawa akan ce sammu ne, ko maganin ƙwari aka zuba wa kayan. Ga yadda abin yake. Cikin waɗannan ƴaƴan lambu akwai wani sinadari mai kama da na garin furen ciyawa. Jiki ya riga ya ɗauki garin fure abokin gaba, saboda haka in ya ga mai kama da shi, sai ya tasar masa. A ƙasashen Turai ma an san haka, tsakanin furen wani itace nasu da tuffa.

Wuta tana lalata wannan sinadari. Shi ya sa wanda ɗanyen tumatir ke damunsa yakan ci miyar tumatir lafiya lau. Ƙaiƙayin kuwa yakan lafa da kansa cikin awa guda. A tofar da abin da ke baki, a kurkure da ruwa, a daina cinsa ɗanye.

Gujiya dabam take. Wanda ba ta karɓe shi ba, suya ko dafuwa ba za su kare shi ba, har ƙuli-ƙuli ya kiyaye.

In harshe ko maƙogwaro ya kumbura, ko murya ta dushe, ko numfashi ya yi wuya, ko jiri ya kama mutum, kada a tsaya jiƙa magani a gida. Wannan yana iya kisa cikin ɗan lokaci. A kai shi gidan likita nan take, ko da dare ne, a kuma faɗa wa malamin lafiya abin da ya ci da lokacin da ya ci shi.