Koyar da Layuka Masu Tazara Ɗaya a Makarantar Firamare

1.0 Gabatarwa

Sau da yawa malami kan shiga aji ya rubuta a allo cewa akwai layukan da ba sa haɗuwa, ya sa yara su maimaita har su haddace. Idan aka zana wa yaran gajerun layuka biyu da suka ɗan karkata zuwa ga juna, sai su ce su ma irin waɗannan ne, tunda ba su taɓa juna a allon ba. Yaron da ya bar firamare da wannan kuskure zai sha wahala wajen gane murabba'i da sauran siffofi a gaba. Wannan darasi zai nuna wa ɗalibi mai koyon aikin malanta yadda zai gina koyarwarsa a kan awon tazara.

2.0 Ma'ana

Layuka masu tazara ɗaya, waɗanda littattafan Turanci ke kira faralel, miƙaƙƙun layuka ne da ke kan shimfiɗa guda, kamar fuskar allo ko takarda, waɗanda faɗin da ke tsakaninsu bai canzawa daga farko har ƙarshe. Masanin lissafin nan Yuklid, wanda ya rayu a birnin Iskandariya wajen shekara ta 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya bayyana su da cewa ba sa haɗuwa komai nisan da aka ja su. Bayaninsa daidai ne, sai dai yaro ba ya iya jan layi har abada don ya tabbatar. Tazara kuwa yana iya auna ta da hannunsa. Saboda haka da ita ya kamata malami ya fara.

3.0 Kayan Aiki

Malami zai tanadi rula, da sukwaya, da fensir, da takarda, da igiya biyu, da turaku huɗu, da guntun kara.

4.0 Matakan Koyarwa

Mataki na ɗaya: Ganewa. Hausawa na cewa gani ya kori ji. Malami ya fara da abin da yara suka saba gani, kamar layukan littafin rubutu, da gefuna biyu na ƙofa, da matakan tsani, da kunyoyin gona. Titin jirgin ƙasa ma misali ne mai kyau a inda ya miƙe. Tsohon titin da ya taso daga Legas zuwa Kano tazarar ƙarafunansa milimita 1,067 ce, shi kuwa na Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, milimita 1,435 ce. A tambayi yara: me zai sami jirgi idan tazarar ta ragu a wani wuri? Wani yaro zai iya cewa ya ga ƙarafunan sun haɗe can nesa. Sai malami ya bayyana masa cewa ido ne ke nuna haka, domin abu yana ƙanƙancewa a gani idan ya yi nisa.

Mataki na biyu: Awo a fili. A fita da yara farfajiyar makaranta. A ɗaure igiya tsakanin turaku biyu, a ja ta ta miƙe. Yaro ya aza kara a gicciye a farkon igiyar, a kafa turke a bakinsa, ya sake yin haka a ƙarshenta, sannan a ɗaure igiya ta biyu. Sauran yara su bi tsakanin igiyoyin da karan, su ga ya cike gurbin a ko'ina. Daga nan malami ya gusar da turke ɗaya kaɗan, a sake gwadawa. Lallai ne karan ya tsaya sak tsakanin igiyoyin, domin idan ya karkace awon zai yi ƙarya.

Mataki na uku: Zane. A fara da mafi sauƙi. Yaro ya danne rula, ya ja layi ta gefenta na sama da na ƙasa. Bayan haka ya ninke takarda biyu, ya ƙara ninke ta ta fuskar da ya fara, ya buɗe ya auna tsakanin sawun ninkin. Ga manyan azuzuwa, yaro ya ja layi, ya auna santimita 3 sak daga wurare biyu masu nisa da juna a kansa, ya ɗiga, ya haɗa ɗigon biyu. Hanya ta ƙarshe ita ce a danne rula kada ta motsa, a jingina sukwaya a jikinta, a ja layi, a zame sukwayar, a sake jan wani.

5.0 Kurakuran da Yara Ke Yi

Wasu yara kan ɗauka dole layukan su zama tsawo ɗaya. Wasu kuma ba sa gane su sai suna kwance, domin haka malami ya saba zana su. Don haka a zana su a kwance, da a tsaye, da a karkace, dogo tare da gajere, na kusa da na nesa. A kuma cuɗa su da layukan da suka ɗan karkata, a bar yara su tantance da rula.

6.0 Kammalawa

Malami zai tabbatar darasi ya shiga idan ya nuna wa yaro layuka biyu, yaron ya nemi rula kafin ya ba da amsa.

7.0 Jinga

1. Me ya sa cewa “ba sa haɗuwa” kaɗai ba ta wadatar da yaron firamare?
2. Kawo misalai biyar daga muhallin makarantarku, ban da waɗanda aka ambata.
3. Tsara darasi na minti talatin da biyar a kan mataki na biyu.