Idan Yaro Ya Ce Wasanni ko Ilimin Abinci Zai Karanta: Shawarwari Ga Iyaye a Khartum da Umdurman

Da zarar sakamakon jarrabawar Shahadar Sudan ya fito, hirar gidajen Hausawa daga unguwar Mayo har Umdurman ba ta wuce likita da injiniya. Yaron da ya ce wasanni zai karanta, ko yarinyar da ta zaɓi ilimin abinci mai gina jiki, sai a riƙa yi musu kallon waɗanda suka rasa madafa. Kafin a yanke hukunci, a duba waɗannan.

1. Ku san abin da ake koyarwa. Ba buga ƙwallo ake zuwa yi ba. Ana karanta sassan jikin mutum, yadda zuciya da tsoka ke aiki lokacin wahala, tsara horo, agajin gaggawa, da tafiyar da ƙungiya da kuɗinta. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sudan tana da kwaleji guda ta motsa jiki da wasanni, Jami'ar Ahfad ta mata da ke Umdurman kuma ta daɗe tana yaye masana abinci da masu gashin ƙashi. Wanda ke ganin abin wasa ne ya tuna da Endurance Idahor, ɗan Najeriya da ya yanke jiki ya faɗi a fili a watan Maris na 2010 yana buga wa ƙungiyar ƙwallo ta Marrikh wasa, ya rasu. Mutumin da ke tsaye a bakin fili da jakar magani, rai ne a hannunsa.

2. Ku tambayi yaron ƙeƙe-da-ƙeƙe: tauraro yake son zama, ko sana'a yake son koya? Duk yaron Umdurman yana mafarkin shuɗiyar rigar Hilal ko jar rigar Marrikh, amma mutum 11 ne ke shiga fili. Idan suna kawai yake nema, kwaleji ba za ta ba shi ba.

3. Kada ku biya ko sisi sai kun tabbatar makarantar tana aiki da gaske. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, jami'o'i da dama sun koma karatu ta intanet, wasu suka buɗe cibiyoyi a wasu jihohi ko a Masar. Sojoji sun sake karɓe Khartum a watan Maris na 2025, amma komawar jami'o'in ba lokaci guda ake yin ta ba. Ku tambaya: a ina ake lacca, a ina ake jarrabawa, kuma a wane asibiti ko fili ɗalibi zai yi aikin gwaji? Wannan ta ƙarshe ita ce mai muhimmanci, domin ba a koyon ɗaure targaɗe ta WhatsApp. A aika wani ɗan'uwa ya je ya gani da idonsa, gani ya kori ji, kuma a guji dillalan gurbin karatu. Masu niyyar komawa Najeriya su sani cewa sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja ta tantance takardar waje kafin a je bautar ƙasa.

4. Idan yaron yana tsakanin biyu, ni dai ɓangaren abinci zan nuna masa. Ƙwallon Sudan tana da tarihi, ba shakka: a Khartum aka buga gasar kofin Afirka ta farko a 1957, ƙasar kuma ta ɗauki kofin a 1970. To amma yaƙi ya sa Hilal da Marrikh sai a gasar Muritaniya suka buga kakar 2024/2025, kuma ƙananan ƙungiyoyin da ke ɗaukar sabon mai horarwa su ne suka fi jin jiki. Yunwa kuwa tana nan a unguwa. Takaya, wato wuraren dafa abincin sadaka da suka riƙe jama'a lokacin tsanani, da cibiyoyin kula da yara masu tamowa, duk suna buƙatar wanda ya san aikin. Ku dubi ɗan tef ɗin nan mai launi uku da ake zagaya wa a damtsen yaro: idan awon ya gaza santimita 11.5 ga ɗan wata 6 zuwa shekara 5, ja ke nan, sai a garzaya da shi cibiya. Yarinyar da ta iya wannan awon, ta kuma iya lallashin uwa ta ci gaba da shayarwa, ba za ta zauna ba aiki ba.

5. Yaron da ke motsa jiki, a bar shi ya fara da tukunyar gida. Kisra ko asida ta dawa, ful, adas, gyaɗa, miyar kuka, ɗan agashe idan hali ya yi, sun wadatar da mai motsa jiki. Ba sai an sayi gwangwanin garin ƙara tsoka mai tsada ba. Gyara biyu masu sauƙi: a matsa lemun tsami a kan wake don jiki ya fi cin moriyar sinadarin ƙarfe, a kuma jinkirta shayi kamar awa guda bayan cin abinci, domin yana tauye shi. Sukarin shayin kuma, Allah na tuba, a rage.

6. Horo bayan Asuba ko gab da Magariba. A watan Mayu da Yuni zafin Khartum kan haura digiri 40, ranar da habub, wato guguwar ƙura, ta taso kuwa a zauna a gida. Da azumi a bari sai an sha ruwa. A tafasa ruwan sha ko a sa masa kulorin, domin an yi fama da kwalara a 2025. Wanda zawo ko zufa ta zuƙe, a haɗa masa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kuma kada a yi gudu ko ƙwallo a filin da ba a tabbatar an share shi daga ragowar harsasai da bama-bamai ba. Duk baƙon ƙarfe da aka gani, kada a taɓa, a sanar da hukuma.

7. Larabci zai ishe shi a aji, amma ƙungiyoyin agaji da kwasa-kwasan horarwa na hukumar ƙwallon Afirka, CAF, sukan so ɗan Turanci, Hausarsa kuma jari ce wajen magana da iyaye mata a unguwa. Iyaye, tun yau ku ɗauki hoton kowace takardar shaida da kowane rasit, ku tura wa wani amintacce da ke wajen gari ya ajiye.